Wayar da Na Yanka a Kasuwar Shinkafi

Da sunan Allah, wanda ya ba kunne ji. Abin nan ya faru ne a shekarar da aka ɗauke sabis ɗin salula a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako, a ƙarshen damina, gero ya nuna ana shirin yanka. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san shekarar, ba sai na faɗi lamba ba. Ni a littafina na ajami "shekarar zuma" na rubuta, kuma za ku ji dalili.

Sunana Garba, a Ƙaura Namoda ana ce mini Garba Rediyo. Ku da kuke zama a bencin shagona kuna cewa aikin sauti ai cusa waya ne a rami, in ta shiga shi ke nan, ku gyara zama.

Mu gidan maƙera ne. Ubana garma da hauya yake ƙerawa a Banga. Bayan na yi sauka sai ya kai ni wurin wani Bayarabe mai gyaran rediyo a bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, ana ce masa Oga Lasisi. Shekara guda cur ban taɓa cikin rediyo ba. Fere waya kawai nake yi. Zai miƙo mini guntu ya ce, "Garuba, waya kamar mutum ne, riga ba ya faɗin gaskiya. Yanka ka gani." In na fere, sai in kankare silin da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne na gaske. In fari ya fito a ƙarƙashi, sanholo ne aka shafa wa ja. Wanda muke shakka sai mu kanga masa ashana: jan ƙarfe ya tsaya ƙyam, na ƙarya ya lanƙwashe kamar ganyen da rana ta buga. Wuƙar da nake yi da ita ubana ne ya ƙera mini daga guntun sifirin ɗin mota, tana nan har yau, bakinta ya ci rabi.

Wannan ƙa'ida ta ciyar da ni shekara talatin da 'yan kai. Akwai wani masallacin Juma'a a ƙasar Zurmi da suka yi ta canja amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi, don sahun baya ba sa jin huɗuba. Na je na duba, amfilifayar lafiyarta lau. Wayar da ta tafi lasifikar hasumiya ce siririya, kuma sanholo. Na sa mai kauri ta jan ƙarfe, ranar Juma'a har masu tallar rake a bakin hanya suka ji liman. Tun daga nan, in aka kawo waya kasuwa ana gardama a kanta, sai a ce a kai wa Garba ya yanka. Abin da na faɗa shi ne hukunci.

Zamani ya yi ta juyawa, ina binsa da ƙafa. Kaset ya zo ya wuce, faifai ya zo ya wuce, memori ya zo. Sai aka wayi gari masu hali suna so su zauna a ɗaki su ji tafsirin da ake yi a wata ƙasa a daidai lokacin da ake yin sa. Dole na koyi kebul ɗin intanet da furfura a gemuna. Shi silinsa takwas ne, an murɗe su bibbiyu, kuma kowane da gurbinsa a cikin kan roba. Na rubuta jerin a ajami na haddace kamar karatu: farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ƙasa, ƙasa. Ka jera, ka datse bakin daidai, ka tura, ka matse da filayarsa. Sannan ka sa a ɗan akwatin gwaji, fitilu takwas su kama ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta tsallake, yanke ka sake. Hannuna ya iya wannan sarai. Amma a kaina ban daina ɗaukarsa kamar wayar lasifika ba: mai kauri ta fi, mai nauyi ta fi.

Aikin gidan Alhaji Jaɓɓi ya zo mini da bazarar wannan shekara. Bafulatani ne, tsohon mai shanu, ya baro rugarsu a ƙasar Zurmi saboda rashin zaman lafiyar daji, ya zauna cikin garin Shinkafi. Idonsa ya tafi gaba ɗaya, saura kunne. An ce da can yana kwance a bukka zai faɗa maka wace saniya ce ta yi kuka. Ɗansa da ke aiki a Kudu ya aiko masa da talabijin da amfilifaya da lasifika biyu, don ya riƙa jin karatu da labaran Fulatanci. Wutar gidan sola ce, wani Idi mutumin Jangeru ya kafa ta. Idi ya kai shekara arba'in, ya koyi aikinsa a Maraɗi, kuma ba mu taɓa samun saɓani ba.

Na kafa akwatin kama sabis a kan dogon ƙarfe bisa soro, don a ƙasa sabis ba ya kamawa. Na sauko da shuɗin kebul har bayan talabijin. Daga talabijin zuwa amfilifaya na sa wayar nan da kuka sani, mai kai ja da fari. Na kunna, karatu ya fito tar. Na fara naɗe kayana.

"Maƙeri," in ji Alhaji, "zo nan. Ka sa min zuma cikin akwati."

Tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa, don haka na ce, "Alhaji, ai mun san ku, in babu saniya kusa sai ku fara jin abin da babu."

"Kai dai guduma ta kashe maka kunne tun gidan ubanku. Yi shiru ka ji."

Na yi shiru. Da mai karatu ya tsaya shan numfashi, sai na ji ta: wata 'yar ƙara siririya a ƙarƙashi, zuuu, kamar amya daga nesa. Ni da ku za mu shekara ba mu kula ba. Shi kuwa wanda duniyarsa duka ta koma kunne, a kanta yake wuni.

Na ce kawunan kebul ne. Na yanke na sake matsewa. Zuma tana nan. Mako na gaba na ƙara wa ƙarfen soro tsawo. Tana nan. Sai na aika Kano aka kawo mini kebul mafi tsada da na taɓa riƙewa, mai kauri kamar igiyar guga, da rigar ƙarfe a ƙarƙashin robar, kawunansa ma na ƙarfe masu ruwan zinariya. Na yanka na gani, jan ƙarfe ne har zuci. Na sa shi ina ta yi wa Alhaji bayanin darajarsa.

Ya saurara, ya ce, "Da ɗaya ce. Yanzu ta kirawo 'yan uwanta."

Ya kuma faɗa mini wani abu da ban ba muhimmanci ba. Ya ce da hantsi suke tashi, su yi ƙarfi da azahar, la'asar sakaliya su lafa. Na ce ai lokacin ne mutane suka fi hawa intanet. Amsar ta yi mini daɗi a baki, na bar ta a haka.

Ranar wata Alhamis ina rumfata a kasuwar Shinkafi, layin masu rediyo, kasuwa ta cika, sai ga Alhaji da sandarsa, Idi yana riƙe da hannunsa. Ashe ya gaji da ni ya kira Idi, Idi ya je ya saurara, ya kawo masa wata waya. Alhaji ya ce ba za a sa ba sai maƙerinsa ya duba.

Na karɓa. Baƙa ce, siririya, ba ta fi kamu uku ba, kawunanta masu kusurwa huɗu da 'yan huluna na roba. Na auna ta a tafin hannu, ba nauyi ko kaɗan, kamar tsinken tsintsiya.

Idi ya ce, "Baba, ita wagga ba a yanka ta, don..."

Kafin ya rufe baki na raba ta biyu. Na duba. Babu sili ko ɗaya. Wani farin zare ne a ciki mai ɗaukar ido, kamar igiyar fatsa. Na kanga masa ashana, ya narke ya ɗiga kamar leda.

Mutane sun riga sun taru, don sun san in Garba ya zaro wuƙa akwai kallo. Na ɗaga guntun sama na ce, "Jama'a, ku gani. Shekara talatin ina ganin sanholo da sunan jan ƙarfe. Yau na ga roba zalla."

"Baba, ba wuta ka bi ta ciki ba," in ji Idi. "Haske na."

"Haske! Kun ji fa. Fitila ya saida wa makaho."

Rumfa ta kwashe da dariya. Mai shayin gefena ya ce, "Idi mai wayar roba!" Nan take sunan ya bi layi. Idi ya duƙa ya ɗauki hulunan da suka faɗi. Ya ce, "To, Baba. Kai babba na." Ya tafi. Ni kuma na jefa guntu ɗaya a jakata don in riƙa nuna wa mutane.

Kafin mako biyu gidaje biyar da Idi ya sa wa irin wannan waya, uku a Shinkafi, ɗaya a Ƙaura, ɗaya a Zurmi, suka cire suka mayar masa. Masu niyyar ba shi aikin sola suka janye. Wa zai ba da rufin gidansa ga wanda Garba ya yanka wa waya a kasuwa? Sai kuma aka ɗauke sabis, aka rufe kasuwanni. Na ji an ce Idi ya tsallaka wajen Maraɗi neman aiki, ya bar iyalinsa a Jangeru.

Wannan ita ce muguwar shekara a sana'armu. Duk akwatin da na kafa a kan soro ya zama gidan tsuntsu. Mai son gaisawa da ɗansa sai ya shiga mota zuwa wata jiha, mutanen bakin iyaka kuma su nemi tudu su kamo layin Nijar. Man fetur ya yi wuya, hanya ba a binta sai da addu'a. Abin da ya rufa mini asiri shi ne aikin Oga Lasisi. Tsofaffin rediyoyi suka fito daga ƙarƙashin gadaje, wasu da gidan zanzaro a ciki. Na koma hura gawayi ina ɗora ƙarfen dalma, kamar ina ɗan shekara ashirin. Abokan sana'a da ba su san komai ba sai intanet, wasu suka koma gona, wasu suka bar gari.

Ana cikin haka wani direba ya kawo mini takarda. Limamin unguwar su Alhaji ne ya rubuta a madadinsa da ajami, layi ɗaya: "Maƙeri, sabis ya mutu, zuma tana raye."

Na karanta sau uku. Washegari na bi motar safe zuwa Shinkafi.

Na iske shi yana jin karatu daga memori da aka soka a talabijin. Babu intanet a faɗin jihar, amma ga zuma tana ta aikinta. Ke nan duk wata uku da na yi ina zargin sabis, ba a nan take ba. Na zauna a tabarma na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, wato cire abu ɗaya-ɗaya ina saurare. Na zare kebul ɗina mai tsada. Ƙarar ta ragu da rabi. Na fita na kashe makunnin da ke tsakanin faifan sola da batir, rana tana tsaka. Ta ƙara faɗuwa. Sai maganar hantsi da la'asar ta dawo mini. Ashe tsoho rana yake bi da kunnensa. Ƙarar daga kayan sola take tasowa, ta bi duk ƙarfen da ta samu har cikin amfilifaya. Rigar ƙarfen kebul ɗina ta zame mata babbar hanya, wayar ja da fari kuma ta ƙarasa da ita.

Na leƙa bayan talabijin ina tunanin yadda zan raba su, alhali dole sauti ya tsallaka. Sai idona ya faɗa kan wani ɗan rami mai kusurwa huɗu, da jan haske a cikinsa. Na sha ganinsa a talabijin da yawa, na ɗauka fitilar nuna wuta ce. Na duba bayan amfilifaya, ga irin ramin. Na laluba jakata na zaro guntun wayar Idi, na soka kan a talabijin. Bakin da na yanka ya kama ja kamar garwashi.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Wa ya rasu?" in ji Alhaji.

"Babu kowa. Ina zuwa."

Guntun bai kai ba, kuma ba a ɗaura ta kamar wayar wuta. Sai da na jira mako uku kafin direban ya samo mini wata a Kano. Na cire ja da fari, na sa ta. Kebul mai tsada na naɗe shi, na mayar da shuɗin nan na farko mai kan roba. Na jira azahar ta yi, lokacin da zuma ta fi ƙarfi, na kunna.

Alhaji ya karkata kai. Mai karatu ya kai ƙarshen aya ya tsaya. Babu komai a ƙarƙashi, sai kukan tattabarun gidan. Ya bari aka yi aya biyar.

"Sun tashi," ya ce. "Wa ya kore su?"

"Idi."

"Ai Idi na can Maraɗi."

"Wayarsa ce. Irin wadda na yanka."

Alhaji ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Maƙeri, ni ka faɗa ma cikin ɗaki. Shi kuwa cikin kasuwa ka yanka shi."

To, ga abin da nake so ku riƙe, tunda na biya shi da tsada. Wayar lasifika kamar kwata ce, ruwa take ɗauka, in ta yi ƙunci ruwa ya ragu. A nan kauri da jan ƙarfe suna da amfani. Kebul ɗin intanet kuwa ɗan aike ne da wasiƙa. Wasiƙa in ta iso, ko a kan jaki aka kawo ta ko a mota, abin da ke ciki ɗaya ne. Talabijin ma tana tara 'yan wasiƙu a gaba kafin ta fara karantawa, kamar mai rumbu. In kebul ya lalace, ko ya wuce tsawon da aka yi masa, za ka ji karatu yana tsayawa yana yankewa. Amma ruwan zinariya a kansa ba ya ƙara wa murya zaƙi. Abin da ɗan aike zai iya ɓata maka shi ne ya shigo ɗaki da taɓo a ƙafa, kuma ƙarar wuta a kan ƙarfe take tafiya. Wayar haske ba ta da ƙarfe, sai wasiƙar ta tsallaka, taɓon ya tsaya a waje. Ita kuma nata sharaɗin: kar ka lanƙwasa ta da ƙarfi, kar ka ƙulla ta, ka cire hular bakinta, kar ka bar ƙura ta zauna a kai. Gidan da babu ƙara, ja da fari ma ta isa, kar ka sayar wa mutum abin da ba ya bukata. Kuma in mai gida ya ce maka ga lokacin da ciwo ke tashi, rubuta.

Da aka buɗe kasuwanni, sabis ya dawo, na aika Jangeru sau biyu. A na uku aka ce Idi ya dawo. Ranar Alhamis na hango shi a layin masu batir, yana tsaye ba kowa a gabansa. Na wuce wurin mai shelar kasuwa, wanda ni na haɗa masa lasifikarsa, na ce ya ara mini.

Na yi sallama. Na ce, "Ni ne Garba Rediyo. Bara a kasuwar nan na yanka wayar Idi na Jangeru, na ce ya cuci makaho. Ƙarya na yi masa bisa jahilci. Wayar gaskiya ce, ita ta gyara abin da na kasa. Wanda ya ji waccan ya kai gida, ya kai wannan ma." Na maimaita sau uku, kamar cigiyar akuya.

Na je na same shi. Mai shayin nan ya biyo ni yana ta sosa ƙeya.

Na ce, "Idi, na ɗauki hakkinka. Ka yafe mini."

"Na ji shela, Baba." Bai yi murmushi ba. "Zumar nan tawa ta, daga kayan solata take hita, shi ya sa na san maganinta. Da ka bari na ƙarasa magana, da mun gama tun rannan."

"Haka ne."

"Amma gidajen da sunka maido min waya, matan ciki ba su zo kasuwa ba. Su ka sauraren akwatin, su sunka ce a cire. Gida biyar na."

"Me kake so?"

"Ka rakiye ni. Kai ka ɗauki tsani."

Mai shayi ya ce, "Haba Idi, sa'an ubanka?"

Na ce, "Kai, zuba mana shayi, bakinka ya yi aikinsa tun bara."

Na ɗauki tsani. Ko a gidan da babu abin hawa, da shi nake shiga a kafaɗa, Idi yana gaba da jakarsa. A kowane zaure in faɗi abin da na faɗa a kasuwa, da ƙarfi yadda za a ji daga ciki, sannan ya shiga ya sa wayarsa. Uku na Shinkafi muka gama a kwana biyu. Na Ƙaura ya fi nauyi, don unguwarmu ce, mutanen da na haɗa wa lasifikar ɗaurin aure suna zaune a dakali suna kallo. Wani ya ce, "Malam Garba, an sake shiga koyo?" Na ce, "An sake."

Na ƙarshe shi ne na Zurmi, gidan wani mai sayar da hatsi. Muka jira ranar da motoci suka taru aka tafi tare. Mai gidan ya juya wayar a hannunsa ya dube ni.

"Malam Garba, ba kai ka ce roba ta ba?"

"Roba ce. A sa ta."

Aka sa. Ya saurara, ya leƙa cikin gida ya tambaya, aka amsa masa daga ciki cewa ƙarar ta tafi. Ya ce tunda mun zo, Idi ya duba masa wayar da aka kawo don ƙarin faifan sola, ga ta can a naɗe a zaure.

Muka fito. Na duƙa zan saɓa tsani, sai Idi ya riƙe ɗaya gefen.

"Aje shi, Baba. Mun gama, duniya da lahira." Ya saɓa a kafaɗarsa. Sannan ya tura mini naɗin wayar solar da ƙafa. "Wuƙar nan na kusa? Wagga ban yarda da ita ba."

Na zaro wuƙar ubana, na fere, na kankare. Fari ya fito a ƙarƙashi.

Na ce, "Sanholo ne."

Idi ya juya wajen mai gida. "Ka ji abin da Baba ya ce. A maida musu."